Goyon Mai Juna Biyu A Kan Babur: Abin Da Ya Kamata Maigida Da Uwargida Su Sani

Duk wanda ya san ƙasar Gwaram da Birnin Kudu ya san cewa babur shi ne ƙafar talaka. Daga Maruta zuwa Sara, ko Kila, ko Farin Dutse, ko Fagam, da wuya ka shiga unguwa ba ka tarar da Boxer ko Jincheng a jingine a ƙofar gida ba. Da shi ake kai taki gona, da shi ake cin kasuwa, kuma da shi ne mafi yawan matanmu na karkara suke zuwa awon ciki. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu. Ga matar da ke zaune a ƙauyen da mota ba ta shiga sai ranar kasuwa, wannan na nufin hawa babur sau 16, zuwa da dawowa.

Saboda haka ba za mu ce da iyaye mata su daina hawa babur ba, domin wadda ta daina hawa ta daina zuwa awo ke nan, rashin awo kuwa ya fi babur haɗari. Abin da muke so masu karatu su fahimta shi ne, wanda ya goya mai juna biyu rai biyu ya goya. Akwai lokacin da babur ya dace da ita, akwai lokacin da bai dace ba, kuma akwai abin da ya wajaba a yi idan tsautsayi ya faru.

Me ke canzawa idan an yi goyo?

A ƙasashen Turai da Japan ana ƙera manyan babura musamman domin doguwar tafiya ta mutum biyu. Irin waɗannan suna da faffaɗan mazauni na baya da wurin riƙewa, wasu har da abin jingina. Duk da haka masu ƙera su suna gargaɗin matuƙi da ya duba iskar taya, ya ƙara wa shokozoba ta baya ƙarfi kafin ya ɗauki wani. To idan babur ɗin da aka ƙera domin goyo yana buƙatar wannan shiri, ina ga ƙaramin babur namu da ya sha ɗaukar buhunan masara da riɗi?

Idan an yi goyo abubuwa uku ne ke canzawa. Na farko, nauyi yana komawa baya, tayar gaba ta yi sakayau, kan babur ya riƙa rawa, musamman a cikin yashi. Na biyu, birki ba ya kamawa da wuri kamar yadda matuƙi ya saba idan shi kaɗai ne. A nan ya kamata a san cewa idan aka ninka gudu sau biyu, nisan da babur zai ci kafin birki ya tsayar da shi yakan ninka sau huɗu ne. Na uku, duk motsin da na baya ya yi sai babur ya amsa.

Ga mai tsohon ciki akwai ƙarin matsala. Cikin yana shiga tsakaninta da matuƙi, ya tura ta baya har kan kariya, inda girgiza ta fi yawa kuma babu abin riƙewa. Bugu da ƙari, a lokacin goyon ciki jijiyoyin ƙugu da na gaɓoɓi suna saki, nauyin jiki ya rinjaya gaba, ga jiri da kan taso wa wasu saboda ƙarancin jini ko zafin rana. Matar da a da take zama daram a bayan babur, a wata na takwas ƙaramin rami ya isa ya zamar da ita.

Yadda cikin yake daga wata zuwa wata

A cikin wata uku na farko mahaifa tana ɓoye a cikin ƙashin ƙugu, shi ne ke kare ta. Daga mako na 12 take fara leƙowa sama, a wajen mako na 20 ta kai cibiya, daga nan kuma babu abin da ke tsakaninta da bugu sai fatar ciki da naman jikinsa.

Mutane da yawa sun ɗauka girgizar babur ita ce ke kawo ɓari a farkon ciki, har a kan ɗora wa mace ko mijinta laifi. Abin da likitoci suka tabbatar shi ne, kusan rabin ɓarin da ake yi a watannin farko yana faruwa ne saboda matsala a halittar ɗan tayin tun daga tushe, ba don wani abu da uwar ta yi ba. Abin tsoro a babur shi ne faɗuwa da karo.

Babbar illar da ake gudu ita ce rabuwar mabiyiya daga jikin mahaifa kafin haihuwa. Mabiyiya ita ce hanyar da jariri ke samun abinci da iska. Mahaifa tana da taushi, tana lanƙwasa ta dawo kamar roba, ita kuwa mabiyiya ba ta iya bin ta. A kwatanta da malmalar tuwo da ta kama jikin kwanon roba: da zarar an matse kwanon sai tuwon ya saki. Haka mabiyiya kan saki idan an bugu, ko an yi mummunar jijjiga lokacin faɗuwa, ko da cikin bai taɓa ƙasa ba.

Abin da ya sa wannan matsala ke yaudarar mutane shi ne, jinin na iya taruwa a bayan mabiyiya ba tare da ɗigo ɗaya ya fito waje ba. Har ila yau, jinin jikin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabi, saboda haka takan iya zubar da jini mai yawa a ciki tana tafiya da ƙafarta, tana magana lafiya lau, alhali jariri ya fara galabaita. Alamun kan bayyana bayan wasu sa'o'i, wani lokaci sai washegari.

Waɗanda bai kamata su hau babur ba

Idan akwai ɗaya daga cikin waɗannan, a nemi mota ko da za a ci bashi:

1. Wadda naƙuda ta kama, ko faya ta fashe.
2. Wadda ke zubar da jini, komai ƙanƙantarsa.
3. Wadda ke fama da matsanancin ciwon kai, ko gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannuwa, domin jijjiga na iya kama ta a kan hanya.
4. Wadda ke jin jiri, ko haki, ko zazzaɓi mai zafi.
5. Wadda hoton ciki ya nuna mabiyiyarta ta sauko ta tare bakin mahaifa.
6. Wadda likita ya ɗaure wa bakin mahaifa, ko ya umarce ta da hutu saboda tsoron haihuwar bakwaini.
7. Wadda aka yi wa aiki aka ciro jariri, har sai likita ya ce ta warke.

Kazalika, daga wata na bakwai zuwa sama, musamman mai ɗauke da tagwaye, a taƙaita hawa babur ga abin da ya zama dole, kamar zuwa awo a asibiti mafi kusa. Zuwa biki da suna da gaisuwa a wani gari su jira. Mai cikin fari da za a kai gidan iyayenta goyon ciki ita ma a kai ta a mota, kuma a tafi da katin awonta domin ta ci gaba da awo a can.

Nasiha ga maigida da 'yan acaɓa

Kafin a tashi a duba iskar taya, da birkin gaba da na baya, da fitila, da wurin ɗora ƙafa na baya. Babur da ba shi da wurin ɗora ƙafa bai dace da goyon kowa ba, balle mai ciki. A tabbata murfin sarƙa yana nan.

Mutum biyu kawai za su hau, matuƙi da ita. Kada a ƙara yaro a kan tanki, ko wata a bayanta, ko buhu a kariya. Idan dole sai da 'yar rakiya, a ɗauki babur na biyu.

A tsaya cak, ƙafa biyu a ƙasa, a riƙe birki har ta hau ta zauna sosai. A tashi a hankali, a taka birki tun daga nesa, a rage gudu kafin a shiga kwana. A wurin rami, ko yashi mai zurfi, ko taɓo, ya fi kyau ta sauka ta taka da ƙafa a riƙe da hannunta. Tafiya sannu-sannu kwana nesa, in ji masu iya magana.

A kan babban titin da ya taso daga Kano ta Wudil ya ratsa Birnin Kudu ya nufi Gwaram, a yi hattara da manyan motoci, domin iskar tirela kaɗai na iya kaɗa babur mai goyo. Kada a yi tsere da su, kada a bi bayansu kurkusa. A hanyoyin ƙauye kuma a lura da shanu da awaki da amalanke.

A fita da sassafe kafin rana ta yi zafi, a dawo kafin magariba. Da damina kada a kuskura a shiga ruwa mai gudu da mai ciki, ko da an saba bin wurin. Jama'ar wannan yanki ba su manta da abin da ya faru a watan Agusta na 2021 ba, lokacin da ruwa ya cinye wata gada a kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, mota ta afka ciki, mutum 21 suka rasu. Ruwan da ya ci mota ba zai bar babur ba.

Idan maigida ba shi ne zai tuƙa ba, ya zaɓi ɗan acaɓa sananne, mai hankali, wanda ba ya shaye-shaye. Kada a ba yaro ɗan koyo wannan amana.

Nasiha ga uwargida

Ki ci abinci ki sha ruwa kafin ki fita, domin yunwa na kawo jiri.

Ki tattara hijabinki da bakin zaninki ki danne su a kan cinya ko ki zauna a kansu. Dogon hijabi ko mayafi da ke lilo yana iya shiga tayar baya ko sarƙa, ya fizgo mace ta wuya ya yar da ita ƙasa cikin ƙiftawar ido. Wannan na daga cikin hanyoyin da mata suke jin rauni a babur a ƙasar Hausa, kuma rigakafinsa ba ya cin ko kwabo.

Zama da ƙafa ɗaya a kowane gefe ya fi zama a karkace da ƙafafu biyu a gefe guda, domin mai zama a karkace ba ta da abin da za ta dafe da shi idan an taka birki. Dogon wando a ƙarƙashin zani yana ba da sutura, yana kuma rage ƙunar salansa. Idan cikin ya yi girman da ba za ki iya zama haka ba, to alama ce lokacin barin babur ya yi.

Ki sa takalmi mai kama ƙafa, ki ɗora ƙafafunki a wurinsu har a tsaya. Ki riƙe ƙugun maigida da hannu biyu, ko ƙarfen riƙewa idan ɗan acaɓa ne. Kada ki riƙe jaka ko kwano a kan cikinki. Idan an zo kwana ki bi jikin matuƙi, kada ki karkata ɗaya gefen don tsoro.

Kada kunya ta hana ki magana. Babu laifi ki ce, "Malam, ina da juna biyu, a bi da ni a hankali." Idan kin ji jiri ko ciwon mara ki ce a tsaya nan take.

Batun hular kwano

Tun ranar 1 ga Janairu 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano ga matuƙin babur da wanda ya goya. A lokacin har an ga wasu 'yan acaɓa suna kifa ƙwarya a kai domin kauce wa kamu, abin ya zama abin dariya. Amma binciken da aka tattara daga ƙasashe daban-daban ya nuna hular kwano tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 42 cikin 100, tana rage raunin kai da kimanin kashi 69 cikin 100. Babu abin da ke kare jaririn da ke ciki kamar ran uwarsa. Ana iya sa hular a kan hijabi ko ɗankwali mara ƙulli, a ɗaure igiyarta a haɓa, domin hular da ba a ɗaure ba ita ke fara tashi kafin kai ya kai ƙasa. Gidan da ya iya sayen babur ya daure ya sayi hula biyu.

Idan an faɗi

Doka ɗaya ce a nan: duk mai cikin da ta faɗi daga babur, ko aka yi karo da ita, a kai ta asibiti a ranar, ko ba ta ga jini ba, ko ta ce ba ta jin komai. Wannan ya fi ƙarfi idan cikin ya kai wata biyar. Mai cikin fari takan ɓoye don kunyar surukai, maigida kuma yakan yi shiru don gudun faɗa. Muna roƙon iyaye da surukai su sauƙaƙa, domin yarinya ta iya cewa, "Inna, mun faɗi a hanya," ba tare da fargaba ba.

Kafin a isa asibiti:

1. Idan tana kukan wuya ko baya, ko ba ta cikin hayyacinta, kada a ja ta, kada a naɗe ta. A ɗauke ta a miƙe a kan wani abu mai ƙarfi kamar ƙyauren ƙofa, mutum ɗaya na riƙe da kanta.
2. Idan wuya da baya lafiya suke, ta kwanta ta gefen hagu. Kwanciya rigingine na sa nauyin mahaifa ya danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya.
3. A danne rauni mai zubar da jini da tsumma mai tsabta.
4. Kada a ba ta abinci ko abin sha, ko da za a buƙaci yi mata aiki.
5. Kada a murza cikin, kada a gasa shi da ruwan zafi, kada a ba ta jiƙo ko maganin ciwon jiki na kemis. Wasu magungunan ciwon jiki suna cutar da jariri a watannin ƙarshe.
6. Ko da akwai karaya, asibiti za a fara zuwa kafin mai ɗori.
7. Ƙunar salansa a zuba mata ruwa mai sanyi na tsawon minti 20. Kada a shafa man goge baki ko baƙin mai.

A tafi da katin awo, da 'yan'uwa biyu ko uku masu lafiya waɗanda za su iya ba da jini. Idan a kan babban titi ne ana iya kiran jami'an kiyaye haɗurra a lamba 122. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa.

A asibiti za a auna jininta da bugun zuciyarta, a saurari bugun zuciyar jariri, a lura ko mahaifa na ɗaurewa. Akan riƙe ta aƙalla sa'o'i 4, idan an ga wata alama kuma har kwana guda. Kada a ƙosa a ce a sallame ta don hoton ciki ya fito lafiya, domin hoto ba koyaushe yake nuna rabuwar mabiyiya ba. Za a duba ko tana buƙatar allurar rigakafin sandarewar jiki saboda rauni. Matan da rukunin jininsu yake da alamar negetif kuma akwai allura ta musamman da ake so a yi musu cikin sa'o'i 72, domin kare wannan ciki da masu zuwa.

Bayan an koma gida, a dawo da gaggawa idan an ga jini ko ruwa na fita, ko ciwon ciki, ko cikin ya yi tauri kamar dutse, ko motsin jariri ya ragu, ko jiri da suma.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa a cikin kowace haihuwa 100,000 a Nijeriya, mata 512 ne ke rasa ransu. Tun 1994 masana suka bayyana jinkiri iri uku da ke kashe mata wajen haihuwa: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na farko da na biyu a hannun iyali suke. Yawancin matan da ake ɗorawa a babur cikin naƙuda da tsakar dare, an danne su tsakanin mutum biyu, ba don an fi son haka ba ne, sai don ba a shirya komai ba tun da wuri.

A wasu ƙasashe kamar Malawi an yi amfani da babura na musamman masu gadon kwanciya a gefe domin kai masu naƙuda asibiti. A jihar Jigawa kuwa, shirin Haihuwa Lafiya ya haɗa kai da direbobin ƙungiyar NURTW domin ɗaukar mata masu naƙuda daga ƙauyuka. Maigida ya tambayi mai unguwa, ko dagaci, ko ma'aikatan asibitin garinsu ko akwai direba ko motar wannan shiri a kusa da su.

Daga wata na bakwai kowane gida ya tanadi waɗannan: lambar wayar direbobi biyu da aka yi magana da su, kuɗin mai a ajiye daban, waya mai caji, sunayen masu ba da jini, da jakar kayan haihuwa. Maigida ya bar izini a fili, gaban mahaifiyarsa da maƙwabta, cewa ko ba ya nan a kai iyalinsa asibiti ba tare da jiran sa ba. A san tun yanzu inda za a nufa: asibitin da take awo, ko asibitin Gwaram, ko Asibitin Tarayya na Birnin Kudu inda ake aiki da ƙarin jini. Daga can, idan da buƙata, likitoci ne za su tura ta Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni da ke Dutse ko na Malam Aminu Kano. Wadda ƙauyensu ruwa ke yankewa da damina, ko wadda likita ya ce haihuwarta na da haɗari, ta koma gidan 'yan'uwa kusa da asibiti da zarar ta shiga watan haihuwa.

Idan kuwa duk an yi ƙoƙari mota ta gagara, kada a zauna jira a gida. A fitar da ita da abin da ya samu zuwa bakin titi, a hankali, wani na tallafe da ita, an kuma riga an kira mota ta tarye su a can.

Bayan haihuwa ma a kiyaye. Ranar sallama daga asibiti a nemi mota domin mai jego da jaririnta. Idan an fara zuwa rigakafi a babur, a tuna cewa jaririn da ke goye a baya shi ne zai fara kaiwa ƙasa idan uwa ta zame, saboda haka a ɗaure shi da majanyi sosai, a tattara bakin zani, a kuma tafi a hankali fiye da kullum.

Muna fatan duk wanda ya karanta wannan zai karanta wa wanda bai iya ba, musamman 'yan acaɓan unguwarsu. Mai tambaya kuma ta yi wa ma'aikaciyar jinya a ranar awo. Allah ya sauki matanmu lafiya, ya kiyaye mana hanya.